Tsakanin Naƙuda da Tiyata: Tarihin Haihuwar Gaggawa da Jego a Garwa da Arewacin Kamaru

Idan Bahaushe ya ga mace da tsohon ciki, addu'ar da yake yi mata ita ce Allah ya raba lafiya. Idan ta haihu sai a ce ta sauka, a yi wa dangi barka da arziki. Waɗannan kalmomi sun nuna yadda mutane suka daɗe da sanin cewa haihuwa gaɓa ce mai haɗari, wadda ake iya rasa uwa, ko ɗa, ko duka biyun. A Garwa, babban birnin Lardin Arewa na Kamaru da ke bakin kogin Binuwai, Hausawa sun daɗe suna zaune tare da Fulani da Fali da sauran al'ummu, kuma sun yi tarayya da su a wannan fargaba. Tarihin tiyatar haihuwa a wannan yanki tarihi ne na ƙoƙarin rage lokacin da ke tsakanin sa'ar da naƙuda ta gagara da sa'ar da mace ta isa hannun mai iya ciro mata ɗa.

A zamanin da, haihuwa sha'anin mata ne na cikin gida. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Tarbiyya ta koya mata ta daure, kada a ji kukanta, domin kunya da juriya ado ne ga 'ya mace a wajen Hausawa da Fulani baki ɗaya. Aikin ungozoma galibi yakan fara ne bayan ɗa ya faɗo: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kula da mai jego. Idan naƙuda ta yi tsawo sai a nemi rubutu da saiwoyi, wani lokaci kuma a yi yankan gishiri. Amma idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ɗan ya zo a gicciye, babu abin da waɗannan za su iya. Mace takan kwana biyu ko uku a durƙushe. Wadda ta tsira da ranta takan rasa ɗan, sau da yawa kuma ta gamu da ciwon yoyon fitsari, saboda kan ɗan ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu.

Fiɗe ciki don ciro ɗa ba baƙon abu ba ne ɗungurungum a Afirka. A shekarar 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya ga masu maganin gargajiya sun yi wannan aiki a ƙasar Uganda ta yau, suna amfani da giyar ayaba wajen gusar da zafi da wanke hannu, kuma uwa da ɗa suka rayu. A wancan lokaci, a manyan asibitocin Turai ma, yawancin matan da aka yi wa aikin mutuwa suke yi saboda zubar jini da ruɓewar ciwo. Sauyi ya zo ne daki-daki. An fara sa mutum barci kafin a yi masa aiki a 1846. Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin aiki a 1867. Max Sänger na Jamus ya nuna muhimmancin ɗinke mahaifa bayan an ciro ɗa a 1882. A 1926 Munro Kerr na Gilasgo ya yaɗa dabarar yanka ƙasan mahaifa a kwance, wadda ita ce ake bi har yau. Da aka samu ƙarin jini da maganin fenisilin, sai aikin ya zama wanda ake sa ran tashi daga gare shi. Kalmar tiyata kanta aro ce daga sunan ɗakin aiki a Turanci, kuma ta zauna a Hausa kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar kalmar fiɗa.

Wannan ilimi ya yi jinkirin isowa arewacin Kamaru. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915, daga nan ta shiga hannun Faransa har zuwa samun 'yancin kai a 1960. Likitocin mulkin mallaka sun fi mayar da hankali ga sojoji da ma'aikata da yaƙi da annoba, asibitoci da makarantu kuwa suka fi yawa a kudu. A arewa, asibitocin mishan irin na Ngaundere da Tokombere sun cike wani ɓangare na giɓin. Sai a 1969, a zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, aka buɗe makarantar horar da likitoci ta farko a Yawunde. Ko da aka fara yaye likitoci 'yan ƙasa, kaɗan ne daga cikinsu ke zama a arewa, ƙwararrun likitocin mata kuwa sun fi ƙaranci.

Hasken da ya fi bayyana matsalar ya fito ne daga maƙwabta. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a makare bayan naƙuda ta galabaitar da su. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka share fagen taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan mata masu haihuwa. A 1994 kuma wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe mata gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Duka ukun sanannu ne a ƙasar Binuwai. Na farko yana faruwa a tsakar gida, inda ake jiran izinin maigidan da ya tafi gona ko kasuwa, ko ake tsoron a ce yarinya ta kasa haihuwa da kanta. Na biyu yana kan hanya. Daga ƙauyukan Poli, ko Ray Buba, ko Tuboro, tafiya ce mai nisa kafin a kai asibitin da ke da ɗakin tiyata, kuma da damina rafuka kan cika su datse hanya, abin hawa kuwa sau da yawa babur ne. Na uku yana bakin ƙofar asibiti. Bayan Shirin Bamako na 1987 ƙasashen Afirka da dama sun koma karɓar kuɗin magani daga hannun marasa lafiya, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Ya zama al'ada a miƙa wa dangi takardar sayen zare da safar hannu da ruwan ƙari da magani kafin a taɓa mace. Yayin da miji ke neman wanda zai sayi akuya ko buhun masara, mahaifa tana iya fashewa.

Alƙaluman ƙasa sun nuna inda aka dosa. Binciken lafiya na 2004 ya ƙiyasta mutuwar mata 669 cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru, na 2011 kuwa ya kai 782. A wannan tsakani Mali ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, Benin ta bi sahu a 2009. Kamaru ta ɗauki wata hanya dabam. A farkon shekarun 2010 aka farfaɗo da makarantun horar da ungozoma, sannan a 2015 aka ƙaddamar da shirin Chèque Santé, wato takardar lafiya, a lardunan arewa uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus. Mai ciki takan sayi takardar a kan sefa 6,000, abin da 'yan kasuwa ke kira jaka shida. Da ita za a yi mata awo da hoton ciki, a karɓi haihuwa, a yi tiyata idan ta kama, a kuma duba ta da jaririnta har kwana 42. Hikimar shirin ita ce an biya kuɗin tun ciki yana ƙarami, saboda haka babu ciniki a daren naƙuda. Binciken 2018 ya nuna adadin ƙasa ya sauko zuwa 406, ko da yake dalilan saukar suna da yawa. Shirin ya yi fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, kuma bai gina hanya ko ya samar da jini a ma'ajiya ba. A watan Afrilun 2023 aka shigar da shi cikin tsarin kula da lafiyar kowa da gwamnati ta fara, shekara guda bayan kafa Jami'ar Garwa mai tsangayar koyon likitanci.

Fitowa daga ɗakin tiyata rabin tafiya ne, saura jego. Al'ada ta ware wa mai jego kwana arba'in na hutu, likitoci kuma suna ƙirga mako shida, wato kwana 42, kafin jiki ya koma daidai. Kusancin waɗannan alƙaluma ya nuna cewa kakanni sun fahimci abin da jiki yake bukata. Uwa ko gwaggo takan ɗauke wa mai jego girki da ɗaukar ruwa, a ba ta kauri da abinci mai gina jiki, kuma wannan gata ya fi amfani ga wadda ke da ɗinki a mara, domin ba a son ta ɗaga kaya mai nauyi.

Wasu sassan al'adar kuwa sun ci karo da sabon yanayi. Wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko tsamiya, da dannar ciki, suna iya ɓata ɗinkin da ake so ya zauna a bushe cikin tsabta. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya da shan kunun kanwa da yawa tare da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Garwa kuwa gari ne da zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Haka nan dakashi, wato ruwan nono na farko da a da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko. Shi ya sa ungozomomin asibiti ke sa ɗa a ƙirjin uwa da zarar ta farfaɗo, su koya mata shayarwa a kishingiɗe don kada nauyinsa ya danne ciwon. Ranar suna takan zo uwa ba ta daɗe da barin gadon asibiti ba, don haka gidaje da dama kan rage mata hidimar baƙi.

Akwai kuma gargaɗin da ake sallamar kowace mai ɗinki da shi: ta ba da tazarar kusan shekara biyu kafin wani ciki, kuma haihuwa ta gaba ta kasance a asibitin da ke da ɗakin tiyata, domin tabon mahaifa yana iya buɗewa a lokacin naƙuda. Tsohuwar al'adar shayar da ɗa har kusan shekara biyu kafin yaye tana taimakawa a nan. Abin da ya rage a hannun iyali shi ne shawarar da ake yankewa tun kafin ciki ya tsufa: a je awo, a sayi takarda, a san abin hawan da za a kira da tsakar dare, a san ɗan'uwan da zai ba da jini, kuma maigida ya ba da izinin tafiya asibiti ko da ba ya nan.