Daidaito miƙaƙƙe a aljabara

Daidaito miƙaƙƙe jimlar lissafi ce da ke nuna cewa ɓangarori biyu darajarsu ɗaya, kuma a cikinta akwai adadin da ba a sani ba, wanda galibi ake rubutawa da harafin x. Siffarsa mafi sauƙi ita ce ax + b = c, inda a, b da c sanannun lambobi ne. Ana kiran sa miƙaƙƙe ne saboda idan aka zana y = ax + b, layi miƙaƙƙe ake samu.

Yadda ake warware shi

Ƙa'idar guda ɗaya ce, irin ta sikeli: duk abin da aka yi wa ɓangaren hagu, dole a yi wa na dama. Misali, a 3x + 4 = 19, sai a ɗebe 4 daga kowane ɓangare, ya koma 3x = 15. Daga nan a raba kowane ɓangare da 3, a samu x = 5. Ana tabbatar da amsar ta hanyar mayar da ita gurbin x: 3 sau 5 a tara da 4, ya ba da 19.

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa idan lamba ta tsallake alamar daidai, tarawa takan koma ɗebewa. Gajeriyar hanya ce kawai ta wannan ƙa'ida, kuma wanda bai san tushenta ba yakan rikice idan x ya fito a ɓangarorin biyu, kamar 5x − 2 = 3x + 6. A nan sai a ɗebe 3x, a ƙara 2, a samu 2x = 8, wato x = 4.

Idan a sifili ce, rabawa ba ta yiwuwa: 0x = 7 ba shi da amsa, 0x = 0 kuwa kowace lamba amsarsa ce.

Tarihi

Takardar Rhind ta tsohuwar Masar, wadda aka kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, tana ɗauke da irin waɗannan matsaloli. Wajen shekarar 820 Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza, kuma daga kalmar "al-jabr" da ke cikin sunan littafin aka samo aljabara. A Larabci kalmar tana nufin gyara abin da ya karye, har da ɗorin ƙashi. Da kalmomi zalla ya yi bayaninsa, domin alamar = sai a 1557 Robert Recorde ya ƙirƙiro ta.