Kafin A Yi Ganuwa: Mutanen Gindin Goron Dutse Da Ruwan Jakara

Wani mai karanta wannan shafi daga unguwar Goron Dutse ya aiko da tambaya, bayan da aka sake tayar da maganar titin nan na Wuju-Wuju da zai bi ta kan kwarin Jakara. Ya ce tun yana yaro yake jin tsofaffi na cewa Jakara ruwa ce mai gudu, da kurmi a bakinta har da namun daji, amma shi abin da ya buɗe ido ya gani lambatu ne cike da leda. Shin gaskiya ne, ko dai irin ƙarin gishirin nan ne na mutanen da?

Gaskiya ne, Malam, tsofaffin ma taƙaita maka suka yi. Kano ɗin nan da ake wa kirari da tumbin giwa ta fara ne a matsayin 'yan tsirarun gidaje a bakin wannan ruwa, kuma ɗaya daga cikin gidajen farko da tarihi ya ambata a gindin dutsenku yake.

Wanda ya hau Goron Dutse ya dubi gabas zai ga Dala, kanta a baje kamar nasa, zai kuma lura cewa ƙasa ta ɗan yi kwari a tsakanin birni. Duwatsun biyu na marmara ne, a cikin marmarar kuma akwai tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Idan aka yi ruwan sama, abin da ya gangaro daga jikinsu a wannan kwari yake taruwa ya kwanta, kafin ya lallaɓa ya nufi arewa maso gabas. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, wurin da ruwa ke kai wa bazara bai ƙafe ba dukiya ne. Kogin Challawa da Kogin Kano sun fi Jakara girma nesa ba kusa ba, amma can kudu suke, kuma ba a can aka kafa gari ba. Inda tama da tudun hangen abokan gaba da ruwan sha suka haɗu, nan mutane suka sauke kaya. Masu binciken kufai sun tono wurin narka tama a gindin Dala, gwajin kimiyya ya nuna an yi aiki da shi tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato fiye da shekara 300 kafin 999, shekarar da aka saba cewa Bagauda, sarkin Kano na farko, ya fara sarauta.

Abin da muka sani game da rayuwar mutanen wurin ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908. Yawanci masu ba da labari kan tsallake sauran abin da ke shafukan farko su faɗa kan Barbushe da giwayensa. Ni kuwa jerin sunayen da ke wurin ya fi ɗaukar hankalina, domin a cikinsa ne ake ganin ƙauyen kansa.

Littafin ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya zo ya zauna a kan dutsen da ke ɗauke da sunansa har yau. Daga cikin manyan mutanen Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, akwai Gunzago, wanda gidansa ke gindin Goron Dutse ta gabas, ga amsar mai tambayarmu ke nan. Wasu kuma sun warwatsu a kan tuddan da ke kewaye, kamar Jigirya da Fanisau. Ashe ba gari guda ba ne, ƙananan unguwanni ne a gindin duwatsu, daji a tsakaninsu, ruwa guda da wurin bauta guda suka haɗa su. Sai littafin ya lissafa shugabanni goma sha ɗaya, kowa da sana'arsa. Gijigiji maƙeri ne. Maguji shi ke haƙar tama ya narka, kuma shi aka ce kakan Maguzawa ne. Bugazau mai dafa giya, Hanburki mai magani, Jandodo sarkin makaɗa, Asanni shugaban mawaƙa da 'yan rawa, Bakonyaki gwanin baka da kibiya. Akwai mai gadin gari da dare, akwai sarkin samari. Akwai kuma Awar, mai aikin gishiri, wanda aka ce shi ne Sarkin Ruwa na ƙasar baki ɗaya.

A tsaya a yi wa jerin nan kallon tsanaki. Ba a dafa giya sai hatsi ya yi rara a rumbu. Ba a ajiye mai gadin dare sai akwai abin sata. An raba mai narka tama da mai ƙira, kuma har zuwa farkon ƙarnin da ya wuce haka sana'ar take a ƙasar Hausa: wani ya haƙo tama ya gina tukunyar narkawa da laka, ya ci wuta da gawayi kwana da yini, wani kuma ya karɓi dunƙulen ƙarfen ya ɗora a uwar maƙera ya fitar da fartanya da gatari da kan kibiya. Garin da ke da Sarkin Ruwa kuwa, to yana da ruwan da ya isa a yi masa sarauta. Duk wanda ya san fadamun ƙasar Kano zai iya ƙiyasta sauran: tarwaɗa a gurbi, gaiwa da ke binne kanta a taɓo idan rani ya yi, laka ta ginin tukwane, dawa da gero a kan tudu. Wannan kam ba zaman maharba 'yan cirani ba ne, zama ne na mutanen da suka daɗe a wuri guda.

Kurmin da tsofaffi ke faɗa shi ma yana cikin littafin. An ce ruwan Jakara baƙi ne, itatuwa sun yi masa rumfa ta kowane gefe, shi ya sa ake ce da wurin Kurmin Baƙin Ruwa. Mutanen sun yi imani cewa rassan kurmin ba sa motsi sai in wata masifa na tafe, a lokacin ne za a ji ƙara, a ga hayaƙi na tashi daga wurin gunkinsu Tsumburbura. Sai a yanka baƙin kare da baƙin bunsuru. Tsumburbura kuwa wata itaciya ce aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, mutumin da aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. A kan Dala yake zaune, ba ya saukowa sai sau biyu a shekara. Ranar jama'a za su taru daga kowace kusurwa, maza da mata, da dabbobin yankansu, ya shiga shi kaɗai da almuru, ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. A irin wannan dare ne, in ji littafin, ya yi musu albishir mai ɗaci: wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, a gina masallaci.

A nan ne ruwayoyi suka rabu, kuma a nan ne ake ta ja-in-ja. Tarihin Kano ya ce Bagauda ya zo ya tarar da mutane da shugabanninsu, bai ma shiga Dala ba, a Sheme ya zauna. Waƙar Bagauda, wadda almajirai da mabarata suka daɗe suna rerawa, ta ɗauki wata hanya daban: a wurinta Bagauda maharbi ne da ya fara saran dajin da ba kowa, sai daga baya yunwa ta koro mutane daga wasu ƙasashe suka taru a kansa. Abagayawa kuma, tsofaffin maƙeran birni, nasu labarin shi ne kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, ya taso daga Gaya neman tama ya same ta a Dala.

In aka tambaye ni, waƙar ce ta fi rauni a wannan gaɓa. Waƙar wa'azi ce da lissafin sarakuna, burinta ta tuna wa mai sauraro cewa duk mai mulki kushewa zai je, don haka ta fara ƙirga daga sarki na farko ta share abin da ya gabace shi. Amma toka da kashin ƙarfen da aka tono a gindin Dala ba sa goyon bayan dajin da ba kowa. Sun fi kusa da maganar Abagayawa, ko da sunan kakan nasu an ɗinka shi ne daga baya don ya dace da sunan gari.

Shi ma Tarihin Kano ba a haɗiye shi ɗungurungum. Manazarta irin su Murray Last da John Hunwick sun karkata ga cewa an haɗa shi a siffar da muka sani ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ko da yake M. G. Smith ya ga cewa an daɗe ana tara shi tun ƙarnoni kafin nan. Hannun marubuci Musulmi a fili yake. Ya ce ranakun da Barbushe ke saukowa ranakun Idi biyu ne, alhali Musulunci bai zo ba tukuna. Hasashen masallacin nan ma ya yi daidai da abin da ya faru fiye da kima. Shekarar 999 kuwa Palmer ne ya fitar da ita ta hanyar tara shekarun sarakuna ya ƙirga da baya. To amma marubucin da ke son ɗaukaka sarakunan Musulunci ba shi da wata riba a ƙirƙiro mai dafa giya da Sarkin Ruwa, ko ya tsaya faɗin ta wane gefen Goron Dutse gidan wani yake. Irin waɗannan ƙananan bayanai zuriya ce ke riƙe su, don su ne hujjarta a kan fili ko sarautar sana'a. Giwar da ake ɗauka a ka dai na bar wa masu tatsuniya.

Daga nan labarin na cin kurmin ne a hankali. Gijimasu, jikan Bagauda, ya fara gina ganuwa a kewayen Dala wajen farkon ƙarni na 12. Sarki Tsamiya ya fasa katangar Tsumburbura a ƙarni na 14. A zamanin Yaji Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, sunan wurin ya bi kasuwar, itatuwan suka tafi. Ganuwa ta yi ta faɗaɗa har ta haɗiye Goron Dutse.

Duk da haka ƙauyen bai mutu da wuri ba, ganuwa ce kawai ta kewaye shi. Lokacin da Hugh Clapperton ya shigo Kano a Janairun 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Ya ga wata ƙatuwar fadama ta kusa raba birnin biyu, kasuwa na ci a kan ɗan tudun da ya ratsa ta, wanda ruwa ke shanyewa da damina, ga agwagin ruwa da ungulaye. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya hau Dala ya zana birnin, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000. Dukansu biyu sun koka da ƙazantar da ake zubawa a ruwan, suka ɗora masa alhakin zazzaɓin gari. Wato shekara 200 da suka wuce ma an riga an mayar da Jakara juji, ba laifin 'yan zamanin leda kaɗai ba ne. Yammacin birni kuwa, daga Goron Dutse zuwa Ƙofar Kabuga da Kansakali, shi ya fi daɗewa a matsayin gona, domin wannan fili ne ke ciyar da jama'a in abokan gaba sun yi wa birni zobe.

Abin da ya ƙarasa raba Kanawa da Jakara famfo ne. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwa daga Challawa zuwa tankin da aka gina a kan Goron Dutse, daga can ya gangara cikin gari. Dutsen da a da yake zubar da ruwan sama cikin kwari ya koma raba ruwan wani kogi. Gonakin gindinsa suka zama gidaje, aka yi gidan yari, daga baya gida da masallacin Khalifa Isyaku Rabiu suka ƙara wa unguwar suna. Aka ɗaure bakin Jakara da siminti, a wa'adin Gwamna Kwankwaso na biyu kuma aka fara rufe ta da titi, aikin da ya tsaya shekara da shekaru.

Mai son ganin Jakara a matsayin ruwan ƙauye yau sai ya bi ta bayan ta bar Fagge, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, har zuwa madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Duk tsawon hanyar masu lambu ne a gefe da gefe, da injinan ban-ruwa, suna noman latas da kabeji da alayyafo da karas, a madatsar kuma masunta na jefa koma. Masana a jami'o'inmu sun sha gargaɗi kan sinadaran da ke cikin wannan ruwa, amma kayan lambun na shigowa kasuwannin birni kowace safiya.