Daga Gindin Gawo zuwa Zauren Jarrabawa: Tarihin Karatun Ilmin Halittu a Matamaye

Duk matafiyin da ya biyo hanyar da ta taso daga Takieta ta nufi Ɗan Barto da Daura, ya yada zango a Matamaye cikin watan Mayu ko na Yuni, sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas, lalle zai iske samari da ƴanmata bayan sallar isha'i sun yi da'ira gaban baƙin allo, suna zana zuciya da jijiyoyinta, suna bitar yadda ɗa yake gadon kamannin mahaifansa, domin jarrabawar BEPC ko ta BAC ta ƙarato. Fannin da suke yi wa wannan hidima shi ne wanda lakwal ta raɗa wa suna SVT, mu kuwa muke ce masa ilmin halittu. Akasarinsu suna zaton baƙo ne da ya sauka tare da Nasara, alhali kuwa wanda ya bi salsalarsa zai tarar ƙoramu uku ne suka haɗu suka yi wannan gulbi, biyu daga cikinsu kuwa sun riga Nasara isowa da ƙarnuka.

Ƙorama ta fari ita ce gona. Ƙasar Kance, wadda Matamaye take cikinta, ƙasa ce ta jigawa da fadama, inda ake noman gero da dawa da gyada a tudu, rake da kayan lambu a kwari, saboda haka tun kaka da kakanni mutanenta suke muɗala'ar halittun Ubangiji ba tare da alƙalami ba. Manomi ya san ƙuduji yana shan jinin gero ta ƙarƙashin ƙasa tun bai fito da furensa ba. Ya san gonar da ta gaji takan farfaɗo idan aka bi ta da wake. Mahauci ya san mazaunin hanta da saifa da matsarmama. Ungozoma ta san kwanciyar ɗa a cikin mahaifa. Mafi girman abin da suka tabbatar shi ne sha'anin gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa, yana kaɗe ganyensa da damina, ya tofo da rani, ta yadda inuwarsa ba ta danne shuka, ganyensa ya zama taki, ƴaƴansa kuma su ciyar da bisashe a lokacin da ciyawa ta ƙare. Har yau ana ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka tsananta horo a kan wanda ya sare gawo, wanda yake nuna cewa hukuma ma ta yarda da hujjar manomi.

Ƙorama ta biyu ita ce zauren malamai. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya ratsa surorin da aka ambata da sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, ya kuma ji a wurin tafsiri yadda ake jujjuya halittar ɗan Adam a cikin uwa daga hali zuwa hali. Idan ya shiga littattafan Risala da Muhtasar, fiƙihu da kansa zai tilasta masa sanin dabba da shekarunta, domin a cikin shanu talatin ana fid da maraƙi, a cikin arba'in a fid da karsana, a cikin awaki ko tumaki arba'in a fid da guda. Zai san abin da ya halatta a ci da wanda ya haramta, ya san mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ce. Manyan malamai kuwa sun wuce nan, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a kan ɗibbu, haka kuma littafin Hayatul Hayawan na Damiri, malamin Misira da ya rasu a 1405, ya tara labarin dabbobi bisa jerin haruffa. Wannan zaure ne ya koyar da ladabin karatu, da haddace matani, da yaƙinin cewa duban halitta da idon basira ibada ne.

Ƙorama ta uku ta ɓullo da zuwan Faransawa Damagaram a 1899. Birnin ya zama mazaunin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da hedkwata Yamai, amma lakwal ɗin da suka kafa ba ta nufi fid da masana ba, tafinta da magatakarda da ƙananan ma'aikata take bukata. Abin da yaro yake samu na ilmin halittu shi ne ɗan darasin abubuwa, inda ake nuna masa sassan fure da ƙa'idodin tsabta. Ƴan ƙalilan da suka yi fice sai an kai su Senegal, makarantar William Ponty, inda Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu, ko makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918. Iyaye kuwa suna ɓoye ƴaƴansu, sarakuna suna tara yara ala tilas, har ya zamana ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta sami mulkin kai, yaran da suke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Bayan mulkin kai ne tsanin da muka sani yau ya daidaita: shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji a rufe da BEPC, uku a lise a rufe da BAC, inda mai nufin likitanci ko aikin gona yake bin sashen D, wanda ilmin halittu yake da nauyi babba a cikinsa. Shekaru masu yawa ɗan Matamaye da ya haye kwaleji sai ya ɗauki ƴan komatsansa ya tafi Damagaram, ya sami mai masauki, ya shiga lise Amadou Kouran Daga. In Allah ya ba shi BAC, sai Yamai, inda aka kafa cibiyar ilmi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Sai a 2010 aka sami jami'a a Damagaram, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, da wata a Maraɗi mai sunan Dan Dicko Dankoulodo, tafiya ta ragu, ƴaƴa mata ma suka sami halin ci gaba.

Sai dai wajibi ne a faɗi illar da ta biyo wannan ƙorama, domin gyara ba ya yiwuwa sai an ambaci ɓaraka. Ta zo da harshen da yaro bai sha a nono ba, da littattafan da misalansu itatuwan Turai ne, sau da yawa kuma babu madubin ganin ƙwayoyin halitta a makaranta, sai zanen da malami ya yi a allo. Saboda haka ɗalibi ya ɗauko haddar da ya gada daga zaure, ya baro sharhin da ke tafiya da ita, ya riƙa zuba sunayen Latin a takarda, alhali bai san itacen da ake nufi shi ne wanda akuyar gidansu take kiwo a gindinsa ba. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya yi gargaɗi a kan haka tun 1964 a littafinsa kan ilmi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu, kuma a Damagaram ne aka fara gwada lakwal mai haɗa Hausa da Faransanci a 1973.

Zamani da kansa ya zo ya yanke hukunci. Matamaye ta yi tashen gyada har aka kafa mata masana'antar matse mai, aka kuma riƙa kwaɗaitar da manoma su share gona fes, kada su bar ko kututture. Sai farin 1973 ya auku, kuturtar gyada, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye suke yaɗawa, ta biyo baya a 1975, yunwar 1984 ta ƙarasa abin da ya saura, iska ta riƙa binne shuka da rairayi. A nan ne manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma ga abin da suka gada, suka riƙa barin tohon gawo suna yi masa aski, abin da aka sani da sassaben zamani. Da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi bincike a yankin a 2006, sun iske gonaki sun cika da itatuwa fiye da yadda suke shekaru ashirin baya. Ilmin lakwal kuwa ya kawo dalilin da manomi bai gani da ido ba, watau cewa gawo dangin wake da gyada ne, kuma a saiwoyin wannan dangi akwai ƙananan halittu da suke kamo sinadarin azot daga iska su mai da shi abincin ƙasa. Manomi ya riƙe tajriba, masani ya riƙe dalili, da suka haɗu sai mas'ala ta cika.

Don haka nasihata ga ƴaƴanmu masu shirin jarrabawa ita ce, su haddace abin da ya wajaba a haddace, gama mai gyaran takarda ba ya karɓar uzuri, amma kowane babi su nemi shaidarsa a garinsu. Mai karatun saiwa ya tuge wake ya dubi ƙulle-ƙullen da ke jikinta. Mai karatun huhu da ƙoda ya yi sammako zuwa mahauta. Mai karatun cututtuka ya tambayi dalilin da ya sa tsargiya take kama yaran da ke wanka a tabki, da yadda kurkunu ya ƙaura daga Nijar har aka ba ta shaidar rabuwa da shi a 2013. Ranar da za su shiga zauren jarrabawa, gawon da ke bakin hanya yana nan yana kaɗe ganyensa domin geron da iyayensu suka shuka ya sami rana, kuma wanda ya iya bayyana hikimar wannan da Faransanci ga mai gyara, ya dawo ya bayyana ta da Hausa ga mahaifinsa, shi ne ya sha daga ƙoramun nan uku. Allah ya ba su nasara, ya sa ilmin ya amfani ƙasarsu.