Ƙwaryar Furar Da Ta Fi Ganuwar Alkalawa Daɗewa



Duk wanda ya buɗe littafin tarihin Gobir, sarakuna da dawakai zai tarar. Zai karanta yadda Sarki Babari ya kafa Alkalawa a bakin gulbin Rima cikin ƙarni na 18, a filin da ake cewa gonar Alkalin Zamfara ce. Zai ji zamanin Bawa Jangwarzo, ya ji yadda rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin a 1808, aka kashe Yunfa. Amma ba zai ga sunan mace ko ɗaya da ta daka geron da mutanen nan suka sha ba.

Alhali da wannan geron aka yi noman, aka yi fataucin, aka yi yaƙin. Manomi ya fita da asuba, hantsi na yi sai ga yarinya ɗauke da ƙwaryar fura, ko hura inji Bagobiri, an rufe ta da faifai, ludayi a bisa. Matafiyi kuwa dawo da gumba ake ƙulla masa. Hikimar ita ce, an riga an surfa, an daka da citta da kanumfari, an dafa, an kirɓa a gida. A hanya ba sai an hura wuta ba, nono ko ruwa kawai za a nema a dama.

Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni. Ganuwa ba ta ɗaukuwa a ka. Ƙwarya da iya kirɓi su suka bi mata duk inda aka sauka.

Wasu ƙasashen sun adana irin wannan tarihi. A Mumbai ta Indiya, wajen 1890 Mahadeo Havaji Bachche ya tara mutane kimanin 100 suna kai wa ma'aikata girkin gidajensu da rana. Kafin korona, waɗannan 'yan dakon da ake kira dabbawala sun kai kusan 5,000, suna kai kwanuka wajen 200,000 kullum. An yi rubuce-rubuce a kansu, har da fim ɗin The Lunchbox na 2013. Tamu mai kai furar gona fa, wa ya rubuta ta?

Kuma lokaci na ƙurewa. Tun 2019 'yan bindiga ke korar mutanen Sabon Birni da Isa, da yawa sun tsallaka jihar Maradi. Gonar da ba a nomawa ba a kai mata fura, tsofaffin da suka san hannun kowane gida kuma suna ta tafiya.

Aikin makon nan: ku zauna da kaka ko gwaggo, ku tambaye ta guzurin da ake ƙulla wa mahaifinta. Ku rubuta da kalmominta, ku sa sunan garinsu da shekarar da kuka ji. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.