Schön da Dorugu: Hausar Wa Aka Rubuta?

Tarihin fassarar 'yan mishan yakan zo da suna guda a bangon littafi, alhali aikin na mutum biyu ne ko fiye. Rayuwar James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi wa ƙungiyar CMS aiki, ta isa hujja a kan haka. Schön ya bi ayarin binciken Kogin Kwara na 1841, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, har Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ko Katsina ba. To, daga bakin wa ya ɗebo Hausar?

Amsar ta biyo ta unguwar Dala a Kano. A nan ne matafiyi mai bincike Heinrich Barth ya sauka a 1851, cikin Larabawa fatake, ya hau dutsen ya zana birnin. Da ya sake shigowa Kano a 1854, bayan dawowarsa daga Tambutu, yana tare da wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bawa tun yana ƙarami, abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila tare da wani yaron mai suna Abbega, can suka faɗa hannun Schön. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, labarin bautarsa, tafiyar hamada, da yadda ya ga zaman Turawa a kan teburin cin abinci. Ƙashin bayan Magana Hausa ke nan, kuma a shekarun wannan zama ne fassarar Linjila ta Schön ta fara fitowa.

Irin haka ta faru a Amurka. Stephen Riggs, ɗan mishan na cocin Firesbiteriyan da ya isa wurin al'ummar Dakota a 1837, shi ne sunansa ya fito a nahawu da ƙamus na harshen Dakota na 1852. Amma a mishan na Lac qui Parle, Joseph Renville, ɗan kasuwar da mahaifiyarsa 'yar Dakota ce, shi ake karanta wa aya da Faransanci ya juya ta da baki, 'yan mishan suna rubutawa.

Za a iya cewa Schön ne ya san nahawu, shi ya tsara, shi ya nemo kuɗin ɗab'i. Gaskiya ne, ba a raina wannan wahala. Sai dai wanda ya kira Dorugu mai ba da bayani kawai ya rufe wa kansa hanyar fahimtar littafin. Hausar da ke ciki ta saurayi ce wanda ya rabu da gida da wuri, ya zauna Barno, ba ta malaman zaure na Madabo a Kano ba, waɗanda suka daɗe suna fassara littattafan Larabci da baki ga almajiransu. Duk mai nazarin tsohuwar Hausa da wannan littafi dole ya auna ta da rayuwar mai maganar.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Baturen da ake kira Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a Kano a 1912. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa da Turanci, a matsayin tarihin rayuwar da shi kansa ya bayar.