Daga Zamanin Duba-Gari Zuwa Yau

Iyayenmu sun ga zamanin duba-gari, lokacin En'e, masu bi gida-gida suna leƙa randa da salga, mai ƙazanta a ci shi tara. Da abin ya ja baya, bayan gari ya koma makewayi, mace kuwa sai ta daure har duhu ya yi. Amai da gudawa ya ɗauke mana yara da yawa.

Daga baya aka tashi haƙa masai gida-gida. A 2022 Jigawa ta zama jihar farko a Najeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, duka ƙananan hukumomi 27, har da Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

To 'yan'uwa, damina kan rufta masai. Mu riƙa ware na gyara daga kuɗin adashi, kada mu koma gidan jiya.