Uku A Jere: Dara Da Tarihin Cin Gari A Ƙasar Katsina

A Yasore, garinmu da ke ƙasar Batsari, gindin wata tsohuwar tsamiya ne majalisar 'yan dara. Idan aka idar da sallar La'asar, dattawa kan share ƙasa su haƙa gurabe 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum ɗaya ya ɗebi tsinken kara 12, abokin karawarsa ya ɗebi ƙwallon aduwa 12, a zauna. Tun ina ƙarami nake tsugunawa a bayan kakana ina kallo, ban kuwa taɓa jin an yi musu a kan doka ba. Akan yi musun wa ya fi wani iyawa, amma dokar kanta kowa a nono ya sha ta.

Sai da muka bar gida na fara jin gardamar doka. A shekarar 2019, da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙauyukan Batsari da Safana, muka kwashe 'yan komatsanmu muka koma birnin Katsina, muka raɓa a gidan wani ɗan'uwa wajen Ƙofar 'Yanɗaka. Kaka ya yi makonni ko zaure ba ya leƙawa. Ranar da ya fara fita, wurin 'yan darar unguwa ya nufa, kuma a ranar aka tashi baram-baram. Wani saurayi ya jera uku, ya miƙa hannu zai ɗauke ɗa daga cikin ukun Kaka da ke tsaye a jere. Kaka ya riƙe masa hannu.

"Yaro, ba a cin wannan."

"Baba, ai na ci. Wanda na ga dama nake ɗauka."

"Wanda ka ga dama a cikin na warwatse. Waɗannan ukun gari ne, ba a shiga gari haka kawai."

Samari suka kwashe da dariya, suka ce darar ƙauye ce. Kaka ya tattara karansa ya dawo gida. Da dare ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, tunda an ce tarihi kake karantawa, ɗauko takarda ka rubuta. Idan muka mutu a nan, yaran nan za su ce haka suka gada." Daga takardar nan wannan maƙala ta samo asali. Ya faɗa mini doka huɗu, ni kuwa kowace na rubuta sai in ga ta tuno mini da yadda aka ci garuruwa a ƙasarmu.

Ya kamata in fara da bambancewa, domin sunan dara ya haɗa wasanni da dama. Akwai darar gurbi 12 da ake zuba 'ya'ya huɗu-huɗu ana rabawa, irin wadda Yarbawa ke kira ayo. Ba ita nake nufi ba. Tamu ita ce ta jera uku, wadda Dakarkarin ƙasar Zuru suka shahara da ita, Zabarmawan Nijar kuma suke kira dili. Wani Bature mai suna R. C. Bell ya kawo bayaninta a littafinsa na wasannin al'ummun duniya da ya fito a 1960.

Dokar farko ita ce ta zubi. Wannan ya dasa ɗa ɗaya, wancan ya dasa nasa, har 'ya'ya 24 su ƙare, gurbi shida su rage babu kowa. A wannan lokaci babu ci, ba a kuma yarda mutum ya jera uku ba. Mai gaggawa yakan ɗauki zubi a matsayin ɓata lokaci, amma Kaka cewa ya yi a zubi ake cin dara, abin da ya biyo baya kwasar ganima ce kawai. Haka birnin Katsina ya faɗi. An gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, amma sai a 1807 masu jihadi suka shiga birnin. Malamai uku ne suka jagoranci jama'a a ƙasar Katsina: Malam Ummarun Dallaje, Malam Muhammadu Na Alhaji da Malam Ummarun Dumyawa. Ganuwar da ke gabansu ba abar wasa ba ce, domin Heinrich Barth, matafiyin nan na Jamus da ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da fiye da mil 13. Saboda haka garuruwan karkara suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, suka tare hanyoyin da hatsi ke bi zuwa birni, har yunwa ta kai, in ji ruwaya, ana cinikin ƙadangare da ungulu a kasuwa. Ganuwa tana nan tsaye Sarki Magajin Halidu ya fice ya nufi Ɗankama. An gama cin birnin tun a zubi.

Doka ta biyu ita ce ta tafiya da ci. Ɗa yana matsawa gurbi ɗaya tak, gaba ko baya, dama ko hagu. Ba ya karkacewa, ba ya tsallake kowa. Wanda ya jera uku cif a miƙe, shi ne ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawa. Huɗu a jere kuwa ba sa ci. Wannan ita ce dokar da ta fi ɗaure wa baƙo kai, domin a tunaninsa abin da uku suka iya, huɗu sun fi iyawa. Dara ta ƙi yarda da haka, tarihi ma ya ƙi. Ranar 3 ga Fabrairun 1903, Kanar Morland ya tsaya a gaban ganuwar Kano da sojojin da ba su kai dubu ba, amma suna tafe da igwa da bindiga mai ruwa, kowa ya san gurbinsa. Sarki Alu ya riga ya yi hanyar Sakkwato da mafi yawan mahayansa. Birni mai dubban mutane ya faɗi a yini ɗaya. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Da Lugga ya iso Katsina a shekarar, Sarki Abubakar bai ja daga ba, aka shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka, wato ƙofar da muke zaman gudun hijira a gefenta. Yawa bai yi rana ba a inda tsari ya watse.

Doka ta uku ita ce ta doki. Idan mutum ya tsara 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurbi biyu, ya je can ya cika uku, ya dawo nan ya cika uku, to ya samu doki. Kowace tafiya ci ce, kuma doka ba ta hana shi ba. Maganinsa ɗaya ne: ka cusa naka ɗan a gurbin da yake komawa, ko ka karya ɗaya daga cikin layukan tun bai cika ba. Mutanen yammacin Katsina sun san doki tun ba a allon ƙasa ba. Bayan faɗuwar birni, Katsinawan da suka ƙi mubaya'a suka taru ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka kafu a Maraɗi wajajen 1819, suka haɗa kai da Gobirawan Tsibiri. Daga nan mahayansu suka riƙa shigowa suna kwasa suna komawa, daga zamanin Ɗanbaskore har zuwa na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin. Ƙasar Ruma, wato yankin Batsari na yau, tana bakin iyaka, ita ce ke fara shan ƙurar kofato, shi ya sa har gobe ake ambaton jarumtar Ɗanwaire. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya fahimci cewa bin doki a guje wahala ce. Ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka a zaunar da mutane a ciki su yi noma su yi tsaro. Toshe gurbi ke nan. Abin baƙin cikin shi ne masu harin da waɗanda ake kai wa, akasarinsu 'ya'yan ƙasa ɗaya ne. Dara ce ta ci gida. Da na karanta wa Kaka wannan sashe, ya yi shiru, sannan ya ce babur ne kawai ya gaji doki, dajin Rugu kuwa yana inda yake.

Doka ta huɗu ita ce wadda aka yi rigima a kanta, kuma tana haɗe da yadda wasa ke ƙarewa. A darar Yasore, uku da ke tsaye a jere ba a cin ɗa daga cikinsu har sai mai su ya motsa ɗaya da hannunsa. Ba a kuma cewa an cinye mutum sai 'ya'yansa sun koma biyu, ba shi da sauran abin jera uku. A nan dara ta sha bamban da shaɗaranji, wasan da ya taso daga Indiya ya bi ta Farisa zuwa ƙasashen Larabawa, har ya iso fadar Barno, inda aka san shi da tsatsarandi, kamar yadda C. K. Meek ya rubuta a 1934. A shaɗaranji akwai sarki, da an ritsa shi wasa ya ƙare, ko da rundunarsa na nan cike da allo. Dara ba ta da sarki, ba ta da waziri. Kowane kara daidai yake da ɗan'uwansa. Ba ta kuma da wani gurbi da za a ce shi ne birni. Garin dara shi ne uku da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ganuwarsu kuwa tsayuwar tasu ce. Abin da ya faru da Katsina ya fi kama da dara. An ci ganuwa a 1807, sarki ya rasu a Ɗankama, wanda a shaɗaranji shi ke nan an tashi. Amma waɗanda suka rage suka sake jeruwa a wani wuri, suka yi shekaru fiye da 80 ana karawa da su, kuma har yau akwai Sarkin Katsina a Maraɗi.

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta: samarin nan ba ƙarya suka yi ba. Da na zagaya majalisu a cikin birni, na tarar akwai masu wasa da dokar cin kowane ɗa, haka su ma suka taras. Wasan da ba a rubuce yake ba, kowane gari da irin tasa gadar. Wanda ya fara goyon bayan Kaka a unguwar wani mai shayi ne mutumin Maraɗi, da ya ce su ma a can ba a taɓa uku masu tsayuwa. Kaka ya yi ta dariyar wannan, wai jikan masu kore musu shanu ne ya zama shaidarsa. Ranar wata Juma'a na karanta takardar a gaban 'yan dara. Ba wanda ya bar tasa dokar, amma aka yi yarjejeniya cewa kafin zubi za a riƙa tambaya, "Da ganuwa ko babu?" Abin da aka amsa, shi za a bi har a tashi. Kaka ya koma majalisa. Saurayin da suka yi rigima da shi ne yanzu yake share masa wuri, yana kuma shan kashi a hannunsa kusan kullum, da ganuwa da babu.

Na kammala digirina, takardar tana nan a cikin akwatin Kaka, a ninke tare da takardun gona. Mutanen gindin tsamiya sun warwatsu. Wasu suna Batsari, wasu suna nan birni, wasu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da sun sake ganin kushewar iyayensu ba. Kwanan baya na zauna ina lissafa masa su da yatsa, muka tarar daga shi sai mutum biyu suka rage a cikin tsofaffin majalisar. Na yi nadamar fara lissafin. Shi kuwa ya dube ni ya ce, "To, me ka rubuta a doka ta huɗu? Uku muka rage. Je ka nemo mini lambar wayarsu."